Yawan Zagayen Sifirin da Taurinsa: Kafin Ka Rage wa Mota Tsayi

'Yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan sashen kanikanci, ga tambaya. Sifirin biyu ne, ƙarfe iri ɗaya, kauri ɗaya, faɗi ɗaya, amma ɗaya zagayensa shida, ɗayan biyar. Wanne ya fi tauri? Da yawa za su ce mai shida, tunda ya fi yawan ƙarfe. To, ba haka ba ne, mai biyar ɗin ne. Duk mai sha'awar rage wa motarsa tsayi don ta yi kyan gani, daga nan ya kamata ya fara.

Dalili kuwa shi ne, idan ka ɗora wa sifirin nauyi, zagayen ba sa raba shi a tsakaninsu. Kowane zagaye yana ɗaukar nauyin gaba ɗaya, ya ɗan lotsa, ya miƙa wa na ƙasa da shi. Lotsawar sifirin duka ita ce jimillar lotsawar zagayen nan. Ka ga kenan idan zagaye ya yi yawa, lotsawa ta ƙaru, sifirin ya yi laushi. Idan ya ragu, sai tauri.

Ga yadda lissafin yake:

k = (G × d⁴) ÷ (8 × D³ × n)

k shi ne tauri, G ƙarfin jure murɗawa na ƙarfen, wanda a ƙarfen sifirin yake kusan 80,000 N/mm². d kaurin sandar ƙarfen, D faɗin zagayen, n kuma yawan zagaye masu aiki. A kula fa, zagayen bakin sifirin da ke zaune daram a mazauninsa ba ya lotsawa, don haka ba a ƙirga shi. Nan ake yawan zubar da maki a jarrabawa.

Mu ɗauki misali: d milimita 12, D milimita 120. Idan n shida ne, k zai ba ka 20 N/mm. Idan biyar ne, 24. Idan huɗu ne, 30. Wato cire zagaye ɗaya daga cikin shida ya ƙara tauri da kashi 20 cikin 100.

Yanzu a ce sifirin nan yana ɗauke da nauyin 3,000 N, kusan kilo 300, kai tsaye a kan taya. Mai zagaye shida zai lotsa milimita 150, mai biyar kuma 125. In tazarar kowane zagaye milimita 60 ce, ka yanke ɗaya, kada ka zaci motar za ta sauka da 60. Sifirin ya gajarta da 60, amma lotsawarsa ta ragu da 25, saboda haka da 35 kawai za ta sauka. Shi ya sa mai yanka kan ce bai isa ba, ya ƙara yankewa, har a yi ɓarna.

Ɓarnar kuwa ba ƙarama ba ce. Sifirin da ya gajarta da yawa yana iya fita daga mazauninsa idan taya ta faɗa rami. Shokasoba ta asali an yi ta ne daidai da taurin farko, yanzu ba za ta iya riƙe tsallen motar ba, taya ta riƙa rabuwa da kwalta a kan kwana. In kuma da wutar walda aka yanka, zafin yana lalata ƙarfen, ya rasa ƙarfin komawa yadda yake. A hanyoyinmu masu ramuka, wannan wasa da rai ne.

Kamfanonin da ke ƙera sifirin rage tsayi ba zagaye kawai suke taɓawa ba. Suna canza kauri ma, domin d yana da tasiri ƙwarai: daga milimita 12 zuwa 13, tauri zai ƙaru da kusan kashi 38 cikin 100. Wasu kuma sukan matse zagayen gefe ɗaya. Nauyi na ƙaruwa sai waɗannan su haɗe da juna, su daina aiki, n ya ragu, sifirin ya ƙara tauri daidai lokacin da ake buƙata.

Saboda haka, in aboki ya ce ka raka shi gareji a yanke masa sifirin, ka zaunar da shi ku ƙirga zagaye, ku auna d da D, ku buga lissafin tukuna. Abin da aka koya mana a aji kenan, kuma ranar amfaninsa ce ta zo.