Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasi Daga Cutar Ibola

Gabatarwa

Kowace ƙungiya, ko ikilisiya ce, ko makaranta, ko asibiti, wata rana za ta gamu da abin da ba ta zata ba: gobara, annoba, tarzoma ko ɓatan kuɗi. A irin wannan rana, abin da shugabanni suka faɗa, da lokacin da suka faɗe shi, yana iya ceton rai ko ya jawo asararsa. Manufar wannan darasi ita ce mu koyi shirya bakinmu tun kafin masifa ta zo.

Abin da Ya Faru

Ran 20 ga Yuli 2014, Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ibola. Likita Stella Adadevoh ta ƙi sallamarsa daga asibiti ko da yake an matsa mata. Ita kanta ta kamu da cutar, ta rasu a watan Agusta. Hukumomi suka kafa cibiya guda mai kula da lamarin, suka jawo ma'aikatan da suka ƙware a yaƙi da shan inna, aka bi sawun mutane kusan 900. Mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu. Ran 20 ga Oktoba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa cutar ta ƙare a Nijeriya.

Amma a farkon Agusta wani saƙo ya bazu ta wayar hannu, wai wanka da ruwan gishiri da shansa suna hana kamuwa. Cikin dare ɗaya ya game ƙasa, har garuruwan da cutar ba ta taɓa kaiwa ba. Kafin hukumomin lafiya su ƙaryata shi, an kwantar da mutane a asibiti, waɗansu kuwa sun mutu. Masu turawa ba mugaye ba ne. Iyaye ne da 'yan'uwa da tsoro ya kama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da Za Mu Koya

1. A zaɓi kakaki tun yanzu. Majalisar shugabanni ta naɗa mutum ɗaya da mataimakinsa, kowa kuma ya san su. Baki biyu masu saɓa wa juna sukan haifi jita-jita.

2. A yi magana da wuri. Ko labari bai cika ba, a faɗi abin da aka tabbatar, da abin da ake bincike a kai, da lokacin da za a sake yin bayani.

3. A faɗi gaskiya. Shugaban da ya ɓoye abu don gudun kunya, ranar da asiri ya tonu ba mai sake gaskata shi.

4. A tanadi hanyar isar da saƙo. A rubuta lambobin asibiti, 'yan sanda, 'yan kwana-kwana da shugabannin rassa a takarda, domin waya takan mutu. A tuna da tsofaffi da marasa karatu, a yi musu bayani da harshen da suke ji.

5. A gwada shirin aƙalla sau ɗaya a shekara, a gyara inda ya gaza.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

a. Idan gobara ta tashi a wurin taronmu yau, wa zai yi magana da sunanmu?

b. Me za ka yi da saƙon gargaɗi wanda ba ka san tushensa ba?

Kammalawa

'Yan'uwa, Nijeriya ta ci nasara a 2014 domin ta sami mutanen da aka riga aka horar. Bari kowace majalisa ta sa wannan batu cikin ajandar zamanta na gaba, ta rubuta sunan kakakinta kafin a tashi.