Darasi: Sa'ad da Wadda Aka Zalunta Ita Ce Ke Gaban Alƙali

Darasin wannan wata mai nauyi ne, kuma ba irin maganar da muka saba yi a fili ba ce. Zancen fyaɗe ne, da abin da yakan sami matan da suka yi ƙarfin hali suka kai ƙara. Muna roƙon shugabanni su karanta shi a zumuntar mata, da taron maza, da na matasa, bayan an sallami ƙananan yara. Wuraren karatu su ne Maimaitawar Shari'a 22:25-27, da 2 Sama'ila 13:1-22, da Yahaya 8:2-11. A karanta su tukuna kafin a shiga darasin.

Abin da ya faru a Pakistan

A shekara ta 1979 Janar Ziya'ul Haƙ, wanda ya karɓi mulkin Pakistan da juyin mulki a 1977, ya kafa wasu dokoki da ake kira dokokin Hududi. Ɗaya daga cikinsu ta haɗa zina da fyaɗe a takarda guda. Kafin a yanke hukunci mafi tsanani, wato jifa ko bulala 100, dokar ta ce sai wanda ake tuhuma ya amsa da bakinsa, ko kuwa a sami maza baligai huɗu Musulmi da suka gani da idonsu. Idan babu wannan, alƙali yana iya yanke hukuncin ɗauri bisa wasu shaidu dabam.

Ga inda matsalar take. Macen da ta je wurin 'yan sanda ta ce an yi mata fyaɗe, da bakinta ta riga ta faɗa cewa namiji ya kusance ta. Abin da ya rage mata shi ne ta tabbatar tilasta mata aka yi. Idan ta kasa, maganar bakinta tana nan a rubuce, sai a juya ta zuwa tuhumar zina. In kuma ta ɗauki ciki, cikin ya zama shaida a kanta. Shi kuwa namijin, musu kawai zai yi, gama jikinsa ba ya nuna kome.

A 1983 an kawo ƙarar Safiya Bibi, wata budurwa 'yar aikin gida da ba ta gani sosai. Ta ce maigidan da take wa aiki da ɗansa ne suka yi mata fyaɗe har ta yi ciki. Mahaifinta ne ya kai ƙara. Kotu ta ce babu isasshiyar shaida a kan namiji, amma ta yanke wa Safiya ɗaurin shekara 3, da bulala 15, da tarar rufi 1,000. Mutanen ƙasar suka ta da murya, lauyoyi mata irin su Asma Jahangir suka tsaya mata, har Babbar Kotun Shari'a ta Tarayya ta soke hukuncin.

Kusan shekara ashirin bayan haka, a 2002, wata kotu a garin Kohat ta yanke wa Zafran Bibi hukuncin jifa. Mijinta yana kurkuku, ita kuwa ta ce fyaɗe aka yi mata. Ta zauna a tsare tare da jaririyarta har watan Yuni na wannan shekara, lokacin da Babbar Kotun Shari'a ta wanke ta.

Kotunan Pakistan ba su taɓa jefe kowace mace a ƙarƙashin wannan doka ba, gama kotunan sama sukan soke irin wannan hukunci. Amma kafin ƙara ta kai sama, mata da yawa sun shafe watanni ko shekaru a tsare, yawancinsu talakawa da ba su da lauya. Wadda aka sake kuma takan koma gida ta tarar mutuncinta ya zube a idon dangi. Sauran mata suka ga haka, suka koyi yin shiru.

A 2003 hukumar gwamnati mai lura da halin mata ta ba da shawara a soke dokokin. A ƙarshen 2006, zamanin Shugaba Pervez Musharraf, majalisa ta yi dokar kāre mata. Ta fitar da fyaɗe daga dokar zina, ta mayar da shi cikin dokar manyan laifuffuka ta ƙasa, ta kuma hana a juya ƙarar fyaɗe ta zama tuhumar zina. A 2016 aka ƙara doka da ta wajabta gwajin ƙwayoyin halitta a shari'ar fyaɗe. Daga 1979 zuwa 2006 shekara 27 ke nan.

Wasu ƙasashen

A Saudiyya, a 2006, maza bakwai sun yi wa wata matashiya fyaɗe a yankin Ƙaɗif. An ɗaure mazan, amma ita ma an yanke mata bulala 90 domin an same ta a mota da namijin da ba muharraminta ba. Da aka sake duba shari'ar a 2007 sai aka ƙara hukuncin zuwa bulala 200 da ɗaurin wata 6. Sarki Abdullah ya yi mata afuwa a watan Disamba na wannan shekara.

A Somaliya ba a sami mai afuwa ba. A watan Oktoba na 2008, lokacin da mayaƙan Al-Shabab suke riƙe da birnin Kismayo, an jefe wata yarinya har lahira a filin wasa a gaban jama'a. Mahaifinta ya ce shekarunta 13, kuma ta je ne ta kai ƙarar maza uku da suka yi mata fyaɗe.

A Sudan dokar laifuffuka ta 1991 ta bayyana fyaɗe da kalmomin zina, har mata suna tsoron kai ƙara. An raba su biyun a 2015.

Kada mu ɗauki darasin a karkace

Ba mu kawo waɗannan labarai domin mu zagi addinin maƙwabtanmu ba. Mu lura da kyau: waɗanda suka yi yaƙi da dokar Pakistan yawancinsu Musulmi ne, lauyoyi da malamai da ƙungiyoyin mata, kuma alƙalan kotun Shari'a ne suka wanke Safiya da Zafran. Malaman Musulunci tun da daɗewa sun koyar cewa wadda aka tilasta wa ba ta da laifi, kuma da yawa cikinsu ba su yarda ciki kaɗai ya isa shaidar zina ba. Duk wanda ya fita daga wannan nazari ya je kasuwa yana yi wa maƙwabcinsa gori, bai fahimci kome ba, kuma zai iya jawo fitina a gari.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abin da ya faru a waɗannan kotuna yana iya faruwa a duk inda aka taru a kan abu uku: ana ɗora wa mai rauni nauyin kawo shaidar da ba za ta iya samu ba, ana ganin laifin mace a jikinta amma na namiji a ɓoye yake, kuma jama'a sun fi son rufin asiri da gaskiya. Ba sai da kotu ake yin wannan ba. Zauren mai unguwa yana iya yi, haka ma taron dattawan ikilisiya.

Me Littafi Mai Tsarki ya nuna mana?

A Maimaitawar Shari'a 22 an yi maganar yarinyar da namiji ya kama a jeji da ƙarfi. Shari'ar ta ɗora laifin duka a kan namijin, ta hana a yi wa yarinyar kome. Ta kwatanta abin da mutumin da aka tasar wa aka kashe shi. Babu mai tambayar gawa me ya kai ta wurin. Mu lura kuma cewa a jejin babu shaida ko ɗaya, duk da haka an gaskata cewa yarinyar ta yi kuka, ba ta dai sami mai ceto ba. Wani zai ce, ai ayoyin da suka gabaci waɗannan sun tambaya ko ta yi ihu. Gaskiya ne, abin da ake nema a gane shi ne ko da yardarta. Mu kuwa mun san tsoro yakan ɗaure harshe. Yarinyar da aka nuna wa wuƙa, ko wadda kawunta ko malaminta ne ya kama ta, sau da dama ko motsi ba ta iyawa. Shirunta ba yarda ba ne.

A 2 Sama'ila 13 abin a gidan sarki ya faru. Amnon ɗan Dawuda ya yi ƙaryar ciwo, ya sa aka aiko masa ƙanwarsa Tamar ta yi masa abinci, ya ci mutuncinta, sa'an nan ya sa bara ya kore ta ya kulle ƙofa. Tamar ba ta ɓoye ba. Ta zuba toka a ka, ta yage rigarta, ta tafi tana kuka. Wanta Absalom ya ce mata ta yi shiru, gama ɗan'uwanta ne. Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma ba mu karanta ya hukunta Amnon ba. Tamar ta zauna a gidan Absalom a wulaƙance. Bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon, daga baya ya tayar wa mahaifinsa. Rufin asirin bai ceci gidan Dawuda ba.

A Yahaya 8 ba a ce fyaɗe aka yi wa matar ba. Abin lura shi ne ita kaɗai aka kawo, alhali Shari'ar Musa ta ambaci namiji da mace duka biyu. Ina namijin? Yesu ya mai da tambayar kan masu ƙarar, suka zame ɗaya bayan ɗaya.

To, mu fa?

Yarinya ta yi ciki a ikilisiyarmu. Mun san abin da yakan biyo baya: a kira ta gaban dattawa, maza zalla, a sa ta a horo, a hana ta jibin Ubangiji, a cire ta daga ƙungiyar mawaƙa, ta koma bencin baya. Sau nawa muke tambaya a natse ko da son ranta ne? In ta ambaci sunan mai kuɗi, ko ɗan dattijo, ko ma'aikacin ikilisiya, ya kuma yi musu, wa muke gaskatawa? Wani lokaci iyaye sukan karɓi kuɗi a kashe maganar, ko a aurar da ita ga wanda ya cuce ta domin a rufe kunya. In mun yi haka, mun bi sawun alƙalin da ya yanke wa Safiya bulala, ko da ba mu riƙe bulala a hannu ba.

Ga abin da muke ba kowace ikilisiya shawara ta yi.

1. A kai ta asibiti da wuri. Akwai maganin da ke kāre mutum daga kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau, amma dole a fara shansa cikin awa 72, wato kwana uku, a kuma sha har kwana 28. In babu kuɗin mota, ikilisiya ta fitar daga baiko.

2. In zai yiwu kada ta yi wanka kafin likita ya duba ta, kada kuma a wanke tufafin. A ajiye su, a kuma karɓi takardar likita. Su ne shaidarta.

3. A zaɓi mata biyu dattijai masu riƙe asiri, waɗanda kowa ya san ana iya zuwa wurinsu. Su za su fara sauraronta. Kada a sa ta maimaita labarin a gaban taro.

4. Babu horo a kan wadda aka tilasta wa, gama ba ta yi zunubin da za ta tuba a kai ba. Haka ma ɗan da ta haifa, ba shi da laifi.

5. Fyaɗe laifi ne a dokar ƙasa, ba rikicin gida ba ne da za a sasanta. A raka iyalin wurin hukuma. Wanda ake zargi shi ma a saurare shi da adalci, amma a janye shi daga aiki da yara da 'yan mata har a gama bincike. Gafara ta Kirista ba ta hana hukunci.

6. Iyayen da dillalai suke zuwa wa da zancen aikin gida a ƙasashen waje su yi bincike. Su tambayi dokar ƙasar, da wanda zai riƙe fasfon yarinyar, da inda ofishin jakadancin ƙasarmu yake. Baƙuwar da ba ta jin harshen gari, in abu ya same ta, ita ce mafi sauƙin a juya wa magana.

Tambayoyi domin tattaunawa

Me ya sa ƙarar Safiya Bibi ta koma kanta? Wace magana Absalom ya faɗa wa Tamar da har yanzu muke faɗa wa 'ya'yanmu? In yarinya a ikilisiyarmu tana so ta faɗi abin da ya same ta a daren yau, ƙofar wa za ta ƙwanƙwasa? Yaya za mu yi wa wanda ake zargi adalci ba tare da mun danne mai ƙara ba?

A rufe da addu'a domin matan da ke tsare a kowace ƙasa saboda laifin da aka yi musu, da alƙalai da lauyoyi masu tsoron Allah, Kirista da Musulmi, da waɗanda ke zaune tare da mu a sujada suna ɗauke da abin da ba su taɓa faɗa wa kowa ba. Kafin a tashi, a rubuta sunayen matan nan biyu da aka zaɓa, a sanar da su ranar Lahadi mai zuwa.