Amana a Wurin Aiki: Abin da Na Gani a Shagon Kawuna

A darasin addini na makon jiya an koya mana ladubban aiki a Musulunci, sai na tuna da shagon ɗinkin kawuna, inda nake zuwa lokacin hutu ina sa maɓalli da guga.

Musulunci bai ɗauki aikin hannu abin kunya ba. Annabi Muhammad (SAW) ya yi kiwon tumaki, daga baya ya je fatauci Sham da dukiyar Nana Khadija, kuma saboda gaskiyarsa mutanen Makka suke kiransa Al-Amin. A Suratul Ƙasas, sura ta 28, abu biyu aka yaba wa Annabi Musa (AS) da su kafin a ɗauke shi aiki a Madyana: ƙarfi da amana.

Amanar nan ce na gani da idona. Kawu yana da yara uku. Ana saura kwana goma Ƙaramar Sallah ya daina karɓar ɗinki, duk da mutane suna ta roƙo. Yaran suka ɓata rai, wai ana asarar kuɗi. Ya ce karɓar kayan da ka san ba za ka gama ba ƙarya ce, ko da baki bai furta ba. Wata rana kuma ya tarar ɗaya daga cikinsu ya yi ɗinki layi ɗaya a cikin wando, wurin da ya kamata a maimaita. Yaron ya ce ai ba wanda zai gani. Kawu ya ce, "Ɗana, mai kaya ne ba zai gani ba. Farke ka sake." Ko ragowar yadi, naɗewa yake yi ya mayar wa mai shi.

Amma ni a ganina ba faɗan ne yake sa yaran ƙoƙari ba. Akwai hadisi a littafin Ibn Majah da ya yi umarni a gaggauta biyan ma'aikaci haƙƙinsa da zarar ya gama aiki. Kawu kowace Alhamis da yamma yake sallamar yaransa, ko da shi kansa ba a biya shi ba. Babban cikinsu ya taɓa gaya mini cewa a shagon da ya baro sai a yi wata biyu ba a ba shi sisi ba, shi ya sa yake ɗinkin da ya ga dama, ya tashi lokacin da ya ga dama. Yanzu kuwa shi yake buɗe shago tun kafin ƙarfe takwas, ba wanda ya sa shi.

A daren Sallah wasu shagunan layinmu sun cika da hayaniyar masu neman kayansu har asuba. Mu kuwa bayan Isha'i muka miƙa riga ta ƙarshe, muka share shago, kawu ya saya mana tsire.