Me Ya Sa Kifin Mandarin Yake Ramewa Alhali Ana Zuba Masa Abinci?

Wani mai karatu ya aiko mana da wannan tambaya: "Kawu, ina da tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 80, wata biyu ke nan da haɗa shi. Na sayi ɗan kifin nan mai zanen shuɗi da ruwan lemo da ake kira mandarin. Kullum ina zuba abinci safe da yamma, sauran kifaye suna ta wawaso, shi kuwa ko kallo ba ya yi. Yanzu ga cikinsa ya fara lotsawa. Ciwo ne, ko ƙyuya ce?"

Ɗana, na ji daɗin tambayar nan, kuma ka yi dabara da ka duba cikinsa, domin a nan ake fara gane halin da wannan kifi yake ciki. Ga dukkan alamu ba ciwo ba ne, ba kuma ƙyuya ba ce. Yunwa ce ke cin sa. Abin da kake zubawa abinci ne ga sauran kifayen, amma a idonsa bai yi kama da abinci ba.

Bari mu fara da inda ya fito. Masana suna kiran sa Synchiropus splendidus, kuma gidansa yammacin tekun Pasifik ne, daga tsibiran Ryukyu na Japan, zuwa Filifin da Indunusiya, har arewacin Ostireliya. Tsawonsa da wuya ya wuce santimita 7. Sunan mandarin kuwa ya samo shi ne daga rigunan ado masu launi da manyan ma'aikatan fadar sarkin Sin suke sakawa a da. Ba kifin tsakiyar ruwa ba ne. A ƙasa yake zama, inda ruwa ba zurfi kuma ba igiya mai ƙarfi, cikin karairayar murjani da duwatsu. Idan ka zuba masa ido za ka ga yana tafe a hankali a kan dutse, fikafikansa na gefe suna ta kaɗawa, idanunsa suna juyawa, ya ɗan tsaya, ya miƙa ɗan bakinsa ya cafki wani abu da kai ba ka gani ba, ya matsa gaba. Haka yake yini, daga fitowar haske har duhu.

Abin da yake cafka ɗin nan, mafi yawansa ƙananan halittu ne da ake kira kofifod, 'yan dangin jatan lande na nesa, waɗanda girmansu kamar milimita 1 ne. Yana haɗawa da 'yan tsutsotsi da ƙananan katantanwa da ƙwan kifi idan ya samu. Bakinsa ƙarami ne, cikinsa ba ya ɗaukar da yawa a lokaci guda, don haka sai ya ci kaɗan-kaɗan ba tsayawa. Sauran kifayenka tamkar tumakin turke suke, ka kawo musu dusa sau biyu a rana su cika ciki su kwanta. Shi kuwa dabbar kiwo ne, makiyaya yake bukata. Aikin mai riƙe mandarin, rabinsa ko fiye, kiwon kofifod ne.

Nan matsalar tankinka take. Kofifod suna zuwa ne a jikin abin da ake kira dutse mai rai, wato dutsen murjani mai ramuka wanda ƙananan halittu suka riga suka zauna a cikinsa, sannan su hayayyafa a tanki sannu a hankali. Wata biyu bai ishe su yawaita ba. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar suke cewa a jira tanki ya yi wata 6 zuwa shekara 1 kafin a kawo mandarin, kuma ya kasance mai cin lita 200 ko sama da haka, da duwatsu a wadace. A lita 80, kifi ɗaya tak yana iya share kofifod ɗin cikin 'yan makonni, domin yana cin su da sauri fiye da yadda suke haihuwa. Mutane da yawa suna ɗauka tunda kifin ƙarami ne, ƙaramin wuri ya ishe shi. Tunanin yana da hujja idan wurin iyo ake magana, amma nan faɗin wurin kiwo ake aunawa.

Kana iya duba abin da ya rage da kanka. Bayan ka kashe fitilar tanki da awa ɗaya ko biyu, ɗauki tocila ka haska jikin gilashin, musamman kusurwoyi da dab da yashi. Idan da kofifod, za ka ga fararen ɗige-ɗige kamar ƙura suna tafiya da ɗan zillo. Idan ka duba ko'ina ba ka ga komai ba, ka sami amsarka. Sannan ka kalli kifin daga gefe da kuma daga sama. Mai lafiya cikinsa a ɗan tashe yake, jikinsa a mulmule. Wanda yunwa ta daɗe tana ci cikinsa yakan shige, wani layi ya fito a gefensa, naman bayan kansa ya zube. Idan ya kai wannan matakin, ceto shi yana da wuya, don haka kada ka jinkirta.

Abin da za ka fara yi yau shi ne neman abinci mai motsi. Shagunan kayan kifin ruwan gishiri suna sayar da kofifod masu rai a kwalba. Irin da ake kira Tisbe ƙanana ne, suna ɓuya a ramukan dutse su hayayyafa, su ne na dogon zango. Irin Tigriopus sun fi girma, jajaye ne, suna fitowa fili, kifin yana ganin su da sauri, don haka sun dace da mai jin yunwa yanzu. Ka zuba su da dare, ka tsayar da injin zagaya ruwa na ɗan lokaci don su samu su sauka kan duwatsu. Hanya ta biyu mai sauƙin kuɗi ita ce ƙyanƙyasar Artemia, wani ƙaramin jatan lande da ake sayar da busasshen ƙwansa. Ka zuba ƙwan a gora mai ruwan gishiri, ka sa bututun iska, cikin kamar awa 24 sun ƙyanƙyashe. A ba shi su da wuri, domin amfaninsu yana cikin sa'o'in farko kafin su cinye gwaiduwar jikinsu.

Sai dai sayen kwalba kowane mako yana cin aljihu, shi ya sa nake ganin tankin mafaka ya fi komai amfani. Ƙaramin tanki ne da ake haɗawa da babban, ruwa yana zagayawa tsakaninsu, amma ba kifi ko ɗaya a ciki. Ana sa masa fitila da dunƙulen ciyawar teku mai kama da zare, wadda ake kira Chaetomorpha, kofifod su yi ta haihuwa a cikinta ba mai cin su, ruwa yana kwaso wasu zuwa wurin kifin. Ana ɗiga musu koren ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin gansakuka, shi ne abincinsu. Ko a cikin babban tankin ma, ka tara ɓaraguzan dutse a kusurwa ɗaya, inda bakin kifi ba zai kai ciki ba.

Za ka ji ana cewa ana iya koya masa cin daskararren abinci. Gaskiya ne, wasu suna koya, wasu kuma har su mutu ba sa karɓa. Dabarar ita ce a kwantar da 'yar kwalba mai faɗin baki a kan yashi, wadda shi zai iya shiga amma manyan kifaye ba za su iya ba, a riƙa sa masa abinci mai rai a ciki da sirinji a wuri ɗaya kullum. Idan ya saba zuwa, sai a fara cuɗawa da daskararren jatan lande ƙanana ko ƙwan kifi. Amma ko ya koya, ci biyu a rana ba ya riƙe shi. Ƙari ne a kan kiwo, ba madadinsa ba.

Ga wanda bai saya ba tukuna, shawarata ya nemi wanda aka haifa a gona. Kamfanin ORA a jihar Fulorida ta Amurka da kamfanin Biota a tsibiran Palau sun kiwata mandarin tun daga ƙwai, kuma irin waɗannan sun taso da cin abincin da aka sarrafa. Sun fi tsada, sukan zo ƙanana, amma sun fi saurin sabawa, kuma sayensu yana rage kamun na teku. Ko wanne ne, ka tsaya a shagon ka ga yana cafkar abinci da idonka kafin ka biya.

Ka duba maƙwabtansa kuma. Duk kifin da yake yini yana tsintar abinci a jikin dutse abokin takararsa ne, kuma kusan kowa ya fi shi sauri. Kada ka haɗa maza biyu, faɗa za su yi har ɗaya ya halaka. Gane namiji ba wuya: ya fi girma, kuma ƙayar farko ta fiffiken bayansa doguwa ce sosai. Namiji da mace suna zama lafiya, har su riƙa tashi tare zuwa saman ruwa da almuru suna sakin ƙwai, amma baki biyu ke nan, sai tanki mai yalwar kofifod.

Tunda ka yi zaton ciwo, bari in ja kunnenka kafin ka nufi magani. Mandarin ba shi da ɓawo a jiki, wani yauƙi mai kauri da ɗaci ne yake rufe shi, wanda yake korar masu son cin sa, yana kuma taimaka masa wajen kauce wa wasu cututtukan fata. Maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe yana wahalar da shi, sannan yana kashe kofifod da sauran ƙananan halittun tankin gaba ɗaya. Ka bar maganin nan. Ka dai tsare ruwan: zafi tsakanin digiri 24 da 27, gishiri kamar giram 35 a kowace lita. Idan garinku mai zafi ne ko wuta tana yawan ɗaukewa, ka tanadi abin sanyaya ruwa da batirin da zai riƙe injin, domin ruwan da ya tsaya ya yi zafi yana rasa iska da sauri.

Ka gwada abinci mai rai na mako biyu, kana duba cikinsa kullum. Idan ya fara cikowa, ka haɗa tankin mafaka ka ci gaba. Idan ramar ta ƙi tsayawa, ɗana, ka mayar da shi shagon, ko ka ba wani mai babban tanki da ya daɗe, ka bar naka ya nuna, ka nemi mafi girma idan da hali, sannan ka sake kawo wani.