Gwajin Ji ta Waya: Abin Yi da Abin Bari

Idan "Na'am? Me ka ce?" ta yi yawa a bakinka cikin kasuwar Sabon Tasha a Kaduna, ko iyali suna ƙorafin kana ƙure rediyo, ka gwada jinka. Kada ka jingina wa tsufa ka zauna.

Ka sauke manhajar hearWHO, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kyauta a 2019. Za a karanto maka lambobi uku-uku a cikin shuu irin na rediyon da ya ɓata tasha, ka danna abin da ka ji, har sau 23. Da gangan aka sa hayaniyar, domin a cikinta ne kunne mai rauni yake fara gazawa. A Holan aka fara dabarar, ta wayar tarho.

Ka sa iyafis a kunnuwa biyu, ka shiga ɗaki, a kashe janareta. Kada ka yi shi a bakin titi ko kusa da injin markaɗe. Kada kowa ya raɗa maka amsa. In lambobin Turanci daga sifili zuwa tara ba su zauna maka ba, ka koye su tukuna, in ba haka ba makin ƙarya za ka samu.

Maki ya gaza 50? Ka tashi ka je asibiti. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana nan Kaduna tun 1999. Mutumin unguwar Kamazou kogin Kaduna kawai zai ƙetare, alhali wasu daga jihohi masu nisa suke tahowa. Waya ba ta leƙa cikin kunne, ba ta bambance dattin da ya toshe da jijiyar da ta lalace. Don haka kada ka sayi na'urar ji a kasuwa bisa makinta.

Kada ka ɓata lokaci da waya idan ji ya ɗauke farat ɗaya, ko kunne yana zubar da mugunya. Asibiti a ranar. Kada ka gwada yaro da manhajar, ta manya ce. Wanda ya tashi daga sanƙarau ko ƙyanda, a kai shi a auna ko da ya warke sarai.

Kada ka ɗiga manja a kunne. Kada ka sosa da tsinken ashana ko gashin kaza. Kada ka yarda mai kemis ya yi maka allurar gentamicin ba da takardar likita ba, domin kurumtar da take jawowa ba ta warkewa.