Darasi: Yadda Na'ura Ke Tantance Kifin Da Ke Ɓuya Cikin Ƙasa

Masuntan fadamun Rima a Sabon Birni da Isa sun san gaiwa, mai binne kanta cikin laka da rani. A Kerala ta Indiya ma akwai wani jan kifi makaho a rijiyoyi. Dukansu dogaye ne, amma ba danginsu ɗaya ba.

Yaya ake ganewa? Na farko, na'urar CT tana ɗaukar hoton ƙasusuwa ba tare da an fede kifin ba. Na biyu, a gutsuri tsoka, a karanta DNA, kwamfuta ta kwatanta.

Nazarin ƙashi da DNA ne ya sa a 2020 aka ware wa na Indiya rukuninsa, Rakthamichthys. Gaiwa kuwa, mai huhu, ta fi kusanci da kwaɗo fiye da tarwaɗa. Kama da wane ba ta wane.