Garin da Sanyi Ya Arzuta

Mu nan idan hunturu ya shigo sai mu nemi bargo, mu hura wuta, mu ƙosa ɗari ya wuce. To, yau za mu karanta labarin wani gari wanda mutanensa su ke ɗokin zuwan sanyi kamar yadda manomi ya ke ɗokin ruwan shuka.

Sunan garin St. Moritz. Yana ƙasar Suwizalan, a tsakiyar Turai, cikin manyan duwatsun da a ke kira Alps. Tudun da ya ke kai ya yi wajen ƙafa 6,000 bisa teku. Jos da mu ke ganin tana kan tudu, wajen ƙafa 4,000 ce kawai. Mazaunan garin kuwa ba su wuce kamar 5,000 ba.

Da hunturu can ba ruwa a ke yi ba, dusar ƙanƙara ce ta ke zubowa. Fara ce fat, da laushi kamar auduga. Takan rufe duwatsu da hanyoyi wata da watanni. A zamanin da, wannan lokaci wahala ce ga mutanen kwarin. Shanu suna kulle a ɗaka, ba noma, ba baƙi. Samari da yawa sukan tafi neman kuɗi ƙasar Italiya, su yi sana'ar kayan zaƙi. Baƙi sai da bazara su ke zuwa, domin shan ruwan wata maɓuɓɓuga da a ke cewa yana magani.

Akwai wani mai masaukin baƙi, sunansa Johannes Badrutt. An ce a shekarar 1864, sa'ad da waɗansu Ingilishi su ke shirin komawa gida, ya ce musu su dawo da hunturu. In ba su ji daɗi ba, shi zai biya musu kuɗin tafiya. Ya san abin da ya taka, don kuwa ko da ya ke akwai sanyi ƙwarai, rana tana haskawa sosai a can, iska kuma busasshiya ce. Suka dawo wajen Kirsimeti. Ashe ba su tashi ba sai da sanyi ya ƙare! Daga nan labari ya bazu. A 1904 jirgin ƙasa ya iso garin, baƙi suka ƙaru.

Me baƙin su ke yi? Babban wasansu shi ne sulu a kan ƙanƙara. Mutum yakan ɗaura waɗansu dogayen falankai guda biyu a ƙafafunsa, masu santsi, waɗanda Turawa su ke kira siki. Ya riƙe sanda biyu a hannu, sa'an nan ya gangaro daga kan dutse. Gwani yakan yi gudun da ya fi na mota. Hawa kuwa ba da ƙafa ba ne. Akwai waɗansu akwatuna da kujeru rataye jikin igiyar ƙarfe, inji yana jansu har ƙwanƙolin dutsen Piz Nair, wajen ƙafa 10,000. Sabon shiga sai ya biya malami ya koya masa, ya sha faɗuwa kamar mai koyon keke.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne tafkin garin. Yakan daskare har doki ya taka. Tun 1907 a ke sukuwa a kansa, yanzu cikin watan Fabrairu a ke yi. Amma sai an auna kaurin ƙanƙarar tukuna. Har wa yau, sau biyu a ka yi babban wasan duniya na hunturu, watau Olamfik, a garin nan, a 1928 da 1948.

Kada mu ɗauka abin duk wasa ne. Wani lokaci dusar da ta taru a gefen dutse takan zabto gaba ɗaya, ta binne mutane da gidaje. A farkon 1951 irin wannan zabtarewa ta kashe kusan mutum 100 a Suwizalan. Saboda haka ma'aikata sukan yi sammako su fasa wuraren haɗari da nakiya kafin baƙi su hau. Suna kuma da karnuka masu shinshino wanda ƙanƙara ta rufe.

Akwai wata damuwa kuma. Duniya tana ƙara ɗumi. Wani tsohon tulin ƙanƙara kusa da garin, mai suna Morteratsch, ya narke ya ja da baya fiye da mil ɗaya cikin shekara 150. Yanzu har tafki a ka haƙa a kan dutse, injuna suna fesa ruwansa cikin iska mai sanyi ya zama dusa. Aikin yana cin kuɗi da wuta. Amma dole ne, don in ba dusa ba baƙi, in ba baƙi kuwa mai masauki da kuku da direba da malamin sulu duka sun rasa aiki.

Tambayoyi

1. Wace sana'a samarin kwarin su ke yi a Italiya?
2. Wane alkawari Badrutt ya yi wa baƙinsa?
3. Don me a ke fasa nakiya a kan dutse da sassafe?